Ranar Da Aka Tambayi Taubashiyata Sunan Ɗanta Na Fari

Ina da taubashiya a Gubuchi, 'yar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Tun muna yara take ce mini bawanta, ni kuma in ce mata uwar ɗakina, ga shi har furfura ta fito mana ba mu daina ba. Malamar firamare ce, ta daɗe tana koyarwa, 'ya'yanta sun tasa, har ta fara aurarwa. To a shekarun da ya kamata ta nemi tabarma ta miƙe ƙafa, sai ta ce ita jami'a za ta shiga ta karanta Faransanci.

Na ce, "Uwar ɗakina, Faransanci kuma? Wa za ki yi wa shi a Gubuchi, awaki?"

Ta ce, "Kai zan yi wa, in ga ko yawon duniyar da ka yi ya tsinana maka wani abu."

Yawo kam na yi. Da ƙuruciyata na bi manyan motoci da citta da barkono, na kwana a Maraɗi, na kwana a Damagaram, Kwatano da Lome kamar gidanmu, har Abijan na taɓa zama na wata da watanni. A nan na tsinci Faransancina. Irin na tasha ne da bakin iyaka. Na iya roƙon jandarma, na iya ciniki, na iya zagin yaron mota har ya yi kuka, amma in ka ba ni biro ka ce in rubuta, to mun ɓata da kai. Yanzu na dawo Ikara na zauna, ina ɗan sayar da taki da maganin feshi, yawona bai wuce Makarfi da Kudan.

Ita kuwa da dalilinta. Akwai ƙaramar sakandare kusa da su da ta daɗe ba malamin Faransanci, tun da na baya ya koma garinsu. Shugaban makarantar ya ce mata in ta kawo shaidar kammala digiri kafin a shiga sabuwar shekarar karatu, zai tura sunanta a mayar da ita can. In ba ta kawo ba, zai nemi a turo musu wani. Ta ce mini ta gaji da 'yan aji ɗaya, da share majina da raba faɗa a kan fensir, muryarta ta dushe. Da ma ta ɗan taɓa Faransancin a kwalejin horar da malamai, kuma yana ranta tun lokacin.

Karatun irin na daga nesa ne, kusan komai a waya. Malamai su ɗauki darasi a bidiyo su turo, ɗalibai su saurara, sai lokaci-lokaci a haɗu a Zariya a rubuta jarrabawa. Akwai kuma wata manhaja da aka sa musu a wayar, ita ce mai koya lafazi. Ta faɗi jimla, kai ma ka maimaita, in ka yi daidai ta nuna kore, in ka kauce ta nuna ja. Taubashiyata ta kan jingine wayar a jikin katanga kusa da murhu, tana tuƙa tuwo tana amsa wa wannan muryar. Wata rana ina gidan, ta buɗe baki za ta maimaita ke nan zakara ya riga ta, ya yi cara. Manhaja ta ba shi ja.

Na ce, "Kin ga, ajinku ɗaya da shi."

Ta ce, "Shi dai bai taɓa zuwa Abijan ba, yana da uzuri."

Ranar kasuwar Makarfi mukan haɗu a rumfar wani abokina mai mazarƙwaila, mu yi ta hira da Faransanci mutane na kallonmu. Tana gyara mini, ina ce mata a Kwatano ba haka ake faɗa ba. Gaskiyar magana, kafin ta shiga shekarar ƙarshe ta bar ni a baya nesa. Ban dai taɓa gaya mata ba.

Abin da ya rage mata a ƙarshe shi ne jarrabawar baki. Wannan ba malamanta na nan ke yi ba. Jami'ar tasu ta haɗa kai da wata a can ƙasar Faransa, malaman can ne za su kira ɗalibi ta bidiyo, a yi hira ido da ido, su ba da maki. In ka faɗi, ana ba ka dama sau ɗaya ka sake. In ka kuma faɗi, sai baɗi.

Mijinta ne ya tare ni a hanyar Gazara ya gaya mini. Manomin rake ne, mutum mai shiru, sai ka yini da shi bai yi jimla goma ba. Bayan mun gama gaisawa, ya daɗe yana murza hannun babur ɗinsa, sannan ya ce, "Malamar ta faɗi. Ba ta cin abinci. Ko za ka leƙa."

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce, "Bonjur madam." Ba ta tanka ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai, don wannan matar ko a gidan makoki sai ta rama.

Da ƙyar ta ba ni labari. Wata Baturiya ce ta kira ta, yarinya ƙarama, mai fara'a. Suka gaisa, komai lafiya. Sai Baturiyar ta ce bari su fara da mai sauƙi don hankalinta ya kwanta, ta ba ta labarin iyalinta. Tana da miji? Ta ce tana da shi. Yaya sunansa? Taubashiyata ta yi shiru. Baturiya ta ce to ba komai, 'ya'ya fa? Akwai. Babban cikinsu, mace ne ko namiji? Namiji. Yaya sunansa?

Ta ce, "Bawana, wallahi na ji tambayar sarai. Amma ta ina zan fara?"

Wanda ya tashi a wajenmu ya san inda matsalar take. Matan gidanmu, musamman na zamaninta, ba sa kiran sunan miji, ba sa kuma kiran sunan ɗan fari. Yaron nan tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ga shi kuma sunan surukinta aka mayar masa, kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Yanzu saurayi ne babba, yana gyaran mota a Zariya, amma ni dai ban taɓa jin ta kira shi da komai ba. In ta matsu sai ta ce "wancan," ko ta ce wa ƙannensa, "Ku ce wa yayanku."

Ita kuwa Baturiya ina ta san wannan? Ta maimaita tambayar a hankali. Ta sake maimaitawa kalma-kalma kamar mai koya wa jariri magana. Ta nuna kanta ta faɗi nata sunan, ta nuna hoton wani yaro a teburinta ta faɗi nasa. Taubashiyata na zaune kai a sunkuye. Da aka wuce zuwa sauran tambayoyin, duk ta riga ta rikice, abin da ta sani ma ya gudu. Matar da ke karanta jarida da Faransanci, aka rubuta cewa ba ta fahimci tambayar 'yan aji ɗaya ba.

Na so in yi dariya, amma na ga idonta, na haɗiye.

Na ce, "To ai wannan mai sauƙi ne. In an sake tambayarki, ki ɗauko kowane suna daga cikin littafinku ki manna masa. Wa zai zo Gubuchi ya bincika?"

Sai a lokacin ta ɗago. Ta ce, "Ɗan da aka yanka wa rago, liman ya yi masa huɗuba, shi zan sake wa suna don maki? Mijin fa, in ɗauko sunan wani namiji in ce mijina ne? Kai a tashar da ka yi karatu haka ake yi?"

Na ce, "A tasha ni kaina na yi suna sun fi biyar."

Ta ce, "Shi ya sa har yau ba wanda ya san ko kai waye."

Na ji daɗin wannan zagin, don alama ce ta fara dawowa.

Na kawo wata dabarar. Na ce ko wurin ne? A gidansu sabis ba ya kamawa sosai sai a dakalin ƙofar gida, inda kowa ke wucewa. In ta zo gidana a Ikara ta kulle ɗaki, ba mai ji, ba sai ta faɗa da sauri a wuce wurin ba? Ta girgiza kai. Ta ce ko a tsakiyar daji aka ajiye ta ita kaɗai, bakinta ba zai iya ba. Ta ce ta gwada ma, da manhajar nan, ranar da gida ba kowa. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi.

Akwai malaminsu da ke kula da ɗaliban wannan yankin, mutumin kudancin Kaduna ne, yana zaune a Kudan saboda matarsa na aiki a asibitin can. Na ɗauke ta a babur muka je ranar Lahadi da yamma, bayan ya dawo daga coci. Ta durƙusa ta gaishe shi duk da ta girme shi, shi kuma yana ta "Haba Mama, tashi, tashi." Matarsa ta kawo mana kunu da gyaɗa.

Da ya ji labarin, ya riƙe kai ya ce, "Kash! Ni ne ban yi tunani ba. Tsohuwata ma har ta rasu ban ji ta kira sunan babana ba."

Na ce, "To Malam, a rubuta musu mana, a ce kada su ƙara yi mata wannan tambayar."

Ya ce zai rubuta, amma kada mu dogara da hakan. Masu jarrabawar suna da yawa, na'ura ce ke haɗa ɗalibi da wanda zai kira shi, ba wanda ya san wa za ta samu, ko ma saƙon zai kai gare shi. Kuma maganar iyali kusan kullum da ita suke farawa, don a wurinsu ita ce mafi sauƙi.

Sai ya juya wurinta ya ce, "Mama, kin san me za su yi da sunan in kin faɗa? Ba komai. Kafin su rufe kwamfuta sun manta. Bakinki suke so su ji yana motsi. Shirun ne ya kayar da ke. In ba za ki iya faɗar sunan ba, to ki gaya musu dalili, da Faransanci."

Ta ce, "Malam, ana gaya wa baƙo irin wannan?"

Ya ce, "Wannan kuma ke za ki yanke."

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Makarfi. Sai na ji ta a bayana tana ƙus-ƙus, tana haɗa jimla tana warwarewa.

Makonnin da suka biyo baya, ni na zama Baturen. In na rufe shago sai in kira ta, in shaƙe murya in yi tambayar, ita kuma ta jero bayaninta. A garinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, girmamawa ce. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kakarsa ce ta raine shi. Sunan mahaifin mijina gare shi. Manhajar ba ta da wannan darasin, littafin ma haka, da kanta ta gina shi tubali-tubali, malamin Kudan yana gyara mata ta saƙon murya. Ta haddace shi tsaf, har ni ma na haddace.

Ranar sake jarrabawa da safe aka sa mata. Mijinta ya kawo ta gidana a Ikara, don mu muna kusa da ƙarfen sabis. Damina ce, gari ya yi luf, hadari na haɗowa daga gabas, ga ba wuta tun jiya. Da isowarsu na kai wayar shagon caji na tsaya a kanta har ta cika. Matata ta kwashe yara ta kai maƙwabta, ta kama kajin gidan ta rufe a akurki. Doka ce ba a yarda kowa ya zauna a ɗakin ba, sai ɗalibi ya juya wayar ya nuna kowace kusurwa. Don haka ni da mijinta muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin taga, ta waje.

Wayar ta yi ƙara. Muryar namiji muka ji, dattijo, mai magana a hankali. Ba yarinyar nan ba ce.

Suka gaisa. Ya tambaye ta yanayin gari, ta ce hadari ne. Ya tambaye ta abin da ake nomawa, ta kawo rake da tumatir da masara, har ta yi masa bayanin yadda ake dafa ruwan rake ya zama mazarƙwaila. Ya tambaye ta aikinta, ta ba shi labarin 'yan aji ɗaya, na ji ya yi dariya. Ina zaune ina jiran tambayar nan, amma shiru. Mutumin nan bai ko doshi maganar iyali ba. Can na ji ya ce sun kusa gamawa, ko tana da abin da za ta ƙara?

Na ɗaga hannu sama na ce a raina, Alhamdu lillahi, mun tsira. Ki ce babu, ki yi godiya, ki kashe.

Sai na ji uwar ɗakina ta gyara murya ta ce, "Ba ka tambaye ni iyalina ba."

Na dafe kai. Mijinta ya dube ni ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Matarka ce ta ga rami ta koma ta faɗa da ƙafarta."

Daga baya ta ce mini ita ba za ta sha wahalar haddar nan a banza ba. Dattijo ya ce to bismilla, ba da wannan kalmar ba dai, ta ba shi labarinsu. Ta jero bayanin nan tas, ba tuntuɓe ko ɗaya, ina bin ta da leɓe. Da ta kai ƙarshe na saki numfashi.

Dattijon ya ce bai taɓa jin wannan ba, kuma ta yafe masa in tambayarsa ta yi nauyi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta raine shi ba, ba ta zama hira da shi. To ta yaya yaron zai san tana son sa?

Wannan ba ya cikin hadda. Kuma in akwai abin da ya fi kiran sunan nauyi a bakinta, to shi ne ta ce tana son yaron. Ɗaki ya yi tsit. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Na ce shi ke nan, shirun nan ya dawo, sai baɗi, makarantar kuma ta tafi.

Sai ta fara magana, a hankali, tana laluben kalmomi. Ta ce lokacin da ya tafi Zariya koyon aiki, duk ranar kasuwa ta kan dafa dambu ta zuba a kwano, ta ba direban motar garinsu, ta ce a ce masa daga kakarsa ne. Ta tsaya, ta rasa kalmar kwano, ta kewaya ta ce abin da ake zuba abinci mai murfi. Ta ce da kakar ta rasu, ba ta daina ba, sai ta ce a ce daga gwaggonsa ne. Gwaggon nan kuwa tana aure a nesa, ko dambun ba ta iya ba. Ta ce kwanon bai taɓa dawowa wayam ba. Wani lokaci sabulu, wani lokaci man zafi na ciwon gwiwa, ya ce a kai wa gwaggo. Ta ce, "Gwaggonsa ba ta ciwon gwiwa. Ni ce mai ciwon gwiwa."

Kurakurai kam ta yi su, ni ma da Faransancin tasha na ji wasu. Amma ba ta tsaya ba.

Mijinta ya taɓo ni ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Farashin tumatir take gaya masa."

Ya ce, "Tumatir ne ya sa muryarta rawa?"

Ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

Dattijon ya yi mata wasu 'yan tambayoyi a kan dambu, da me ake yi, yaya ake turara shi, ta amsa har tana dariya. Suka yi sallama. Ba a fi ƙiftawar ido ba ruwa ya kece, sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Muka kwashi tabarma muka faɗa ɗaki a guje. Muka same ta zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce a ba ta ruwa. Ta shanye kofi, ta dube ni ta ce, "In ka gaya wa wani abin da ka ji, sai na sayar da kai a kasuwar Makarfi."

Na ce, "Ni me na ji? Ai Faransancina na tasha ne."

Ba a faɗar sakamako nan take, sai da muka yi kwanaki muna jira. Ni dai na kasa sukuni, in mai saye ya ce a ba shi taki sai in miƙa masa maganin ciyawa. Wata rana da hantsi ina kan hanyar Kudan zan kai kaya, waya ta yi ta ruri a aljihu. Na tsaya gefen titi. Lambar mijinta ce, mutumin da bai taɓa kirana ba tun da ya sayi waya.

Sai da ya gaishe ni tsaf. Ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa, ya gajiyar rannan. Ina amsawa ina jin kamar in jawo maganar daga bakinsa. Sannan ya ce, "Malamin Kudan ya kira. Wai ta ci."

Na sauka daga babur na zauna a kan buhun taki, nan bakin hanya. Ina jin guɗa a bayansa, da muryarta tana cewa a ba ta wayar.

Ta ce, "Bawana, kana ina?"

Na ce, "Hanyar Kudan."

Ta ce, "In ka sauke kayan ka biyo ta nan. Gobe da sassafe za ka kai ni wurin shugaban makaranta, kuma ka wanke babur ɗin nan, ba zan je ofishin mutane a kan wannan ƙazantar ba."

Na ce to. Na daɗe zaune a wurin kafin in tashi, har wani mai akori-kura ya tsaya ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare.